Tambayoyin Masu Karatu: Waya da Kwamfuta a Aikin Ba Ɗalibai Shawara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar sakandare a Damagaram, kuma an ɗora mini alhakin ba ɗalibai shawara kan karatunsu da damuwarsu. Sun yi mini yawa ni kaɗai. Shin ya dace in mayar da aikin kan WhatsApp da kwamfuta? Wani malami daga unguwar Birni.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Aikin da aka ba ka iri biyu ne, kuma na'ura ta dace da ɗaya kawai.

Wajen isar da bayani, yi amfani da ita ba tare da fargaba ba. Yaron da ya ci BEPC, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, yakan shiga aji na gaba bai san bambancin sashen A na adabi da harsuna, da C na lissafi da kimiyyar fizik, da D na lissafi da ilimin halittu ba, sai ya bi abokinsa ko abin da wansa ya karanta. Idan ka zuba makin kowane ɗalibi a jadawalin Excel tun daga aji na farko, za ka ga inda ƙarfinsa yake kafin ka buɗe baki. Ga ƴan ajin ƙarshe masu jiran BAC kuma, wato jarrabawar kammala babbar sakandare, ka tattara fannonin da ake koyarwa a Jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram, da ta Abdou Moumouni a Yamai, da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, tare da sharuɗɗan neman tallafin ANAB, hukumar ba ɗalibai tallafin kuɗin karatu ta Nijar. Ka aika da su ta saƙon murya da Hausa, domin iyaye da yawa ba sa karanta Faransanci, alhali su ne za su yanke hukunci. Ka sauke bidiyo a kwamfuta tun da wuri, saboda wuta da intanet ba su da alƙawari.

Amma yarinyar da ake shirin cirewa daga makaranta a aurar, ko yaron da ya fara shaye-shaye, ba a WhatsApp ake sauraronsu ba. Wayar da ɗalibi ya ba ka lambarta sau da yawa ta mahaifinsa ce ko ta yayarsa, kuma saƙon da ka aika da dare, da safe wani ne zai buɗe shi. Ban da haka, malami namiji da ke hira da ɗaliba ta waya ya jawo wa kansa zargi ko da zuciyarsa fara ce. Irin wannan zance a ofis ake yin sa, ƙofa a buɗe, in da hali tare da malama. Bayanan da ka ajiye a kwamfuta kuwa ka kulle su da lambar sirri, kada ka bar su a na'urar da sakatare da sauran malamai ke amfani da ita.