Bindigar tsaron gida ga mai ƙaramin jiki: daga ƙota ake farawa

Ka tambaye ni: "Maigida, wata mata ta zo, gajeriya ce siririya, da lasisinta. Tana son bindiga mai watsa ƙwayoyin darma don tsaron gida, amma tana tsoron shuri, wato dukan da bindiga ke yi wa kafaɗa in an harba. Na ce mata ta ɗauki geji 20 mara nauyi, tunda ita aka yi wa yara da mata. Na yi daidai?"

Ɗana, niyyarka mai kyau ce, amma shawarar da saura. Lambar geji faɗin bututu kawai take gaya maka: geji 12 kusan milimita 18.5 ne, geji 20 kuwa kusan 15.6. Shuri ba daga faɗin bututu yake zuwa ba. Abu uku ke haifar da shi: nauyin darmar da ta fita, gudun da ta fita da shi, da nauyin bindigar da ta tofar da ita. Biyun farko in sun ƙaru, shuri ya ƙaru. Na ukun in ya ƙaru, shuri ya ragu.

Ɗauki biro mu gwada. Harsashin geji 20 da aka saba sayarwa don tsaro, mai tsawon inci 2¾, yana ɗauke da ƙwaya 20 ta lamba 3 (lambar girman ƙwaya ce: ta 00 ta fi ta 3 girma). Nauyinsu wajen giram 30 ne, suna fita da gudun ƙafa 1,200 a daƙiƙa. Harsashin geji 12 mai sassaucin shuri, irin wanda kamfanin Federal ke yi, ƙwaya 8 ce ta lamba 00, wajen giram 28, da gudun ƙafa 1,145. Ka ga ƙaramin ya fi babban kaya, ya kuma fi shi gudu. Sai ka duba bindigogin: ta geji 20 da aka yi wa matasa takan tsaya wajen kilo 2.8, ta geji 12 kuwa wajen kilo 3.4. In ka yi lissafin, ƙarfin da zai sauka a kafaɗar matar daga ƙaramar bindigar ya kusan ninki ɗaya da rabi na babbar. Mutane da yawa sun sayi geji 20 don gudun shuri, suka harba sau biyar, suka jingine ta bayan ƙofa har abada.

Wannan bai sa geji 20 ta zama abin yasarwa ba. Jikin bindigar siriri ne, ƙaramin hannu ya fi kama ta, kuma wanda ba zai iya riƙe kilo uku da rabi a kafaɗa na rabin minti ba, ita ce tasa. Sai dai ka san cewa harsasai masu sassauci sun fi yawa a geji 12, don ita 'yan sandan Amurka ke riƙewa, kamfanoni kuma suna bin babbar kasuwa. Ita kuwa .410, wadda bututunta bai kai faɗin na geji 20 ba, shurinta kaɗan ne ƙwarai, amma ƙwayoyinta ba su da yawa; ka bar ta ga mai ciwon kafaɗa ko tsoho wanda ba shi da wani zaɓi.

Yanzu ga inda aikinmu yake, wato ƙota, ɓangaren bayan bindiga da ake jinginawa a kafaɗa. Yawancin bindigogi suna fitowa daga masana'anta da tazarar inci 14 zuwa 14½ tsakanin kunama da ƙarshen gindi. An auna wannan ne da namiji matsakaici. Ka ba gajeriya irin wannan, ka tsaya ka kalle ta: za ta karkata baya don ta iya ɗaga bakin, hannun hagu ya miƙe sambal, gindin ya zame daga lungun kafaɗa ya sauka kan ƙashi ko kan damtse. A wannan tsayuwa ko harsashi mafi sauƙi sai ya yi mata ɓarna. Abin da take kira shuri, rabinsa tsawon ƙota ne.

Ga mai ƙaramin jiki, inci 12 zuwa 13 ake nema. Ka bar awon nan na ɗora gindi a lanƙwasar gwiwar hannu a ga ko yatsa ya kai kunama, don bai san tsawon wuya ba, bai san faɗin ƙirji ba. Ka tabbatar bindigar babu harsashi, ka duba da ido, ka taɓa da yatsa, sannan ta ɗaga ta da irin tufafin da take zama da su a gida. Tsakanin babban yatsanta na dama da hancinta ya kamata a sami faɗin yatsu biyu zuwa uku. In ya fi haka, ƙota ta yi tsawo. In bai kai ba, yatsan zai doke ta a hanci duk harbi.

In za ka yanke ƙotar katako, kada ka cire fiye da rabin inci a lokaci ɗaya, don abin da zarto ya ci ba ya dawowa. Naɗe wurin da salatif kafin ka ja layi, ka fara tsaga layin da wuƙa mai kaifi, in ba haka ba katakon zai ɓalle a gefe. Ka lissafa kaurin robar da za ka ɗaura, wadda yawanci inci ɗaya ce. Yara masu koyo nan suke faɗuwa: su yanke inci ɗaya, su ɗaura roba mai inci ɗaya a madadin siririn murfi, tsawon ya koma inda yake. Ka kula da karkatar yankan. In ƙasan gindin ya yi tsini, zai soki ƙirjin mace, bindigar kuma ta riƙa tashi sama tana marin kumatu. Rage ƙasan kaɗan, ka goge kusurwar robar ta yi da'ira. Roba mai kyau irin ta Pachmayr ko LimbSaver tana shan duka sosai, kuma kada ka goge ta har faɗinta ya ragu da yawa, don faɗin ne ke rarraba ƙarfin. In ba ka son yanka, akwai ƙota mai ƙare-ƙare da ake cirewa ana sakawa: Mossberg 500 Super Bantam tana sauyawa tsakanin inci 12 da 13, ƙotar Magpul SGA kuma daga 12½ zuwa 14½.

Saman ƙota inda kunci ke kwanciya, shi ma duba shi. Mata da yawa wuyansu dogo ne a kan jikinsu, sai kuncin ya rataya bai zauna ba. Ratar nan ita ke ba katako damar ɗaukar gudu ya mare su. Siririn matashi da ake mannawa a saman yana maganin wannan.

Sai nau'in bindigar. Mai famfo, irin Remington 870 da Mossberg 500, tana da arha, tana cin harsashi mai ƙarfi da mai sassauci duka, amma shurinta duka a lokaci ɗaya yake sauka. Kuma gajeren hannu yana da matsala da ita: in mariƙin gaba ya yi nisa, ba za ta ja shi har ƙarshe ba, kwanso ya ƙi fita ko sabon harsashi ya ƙi hawa. A cikin firgici wannan ya fi faruwa. Shi ya sa Bantam ta matso da mariƙin kusa da jiki. Ka duba ma ko yatsanta yana kaiwa makullin kariya: na Mossberg a sama yake inda babban yatsa ke zama, na 870 kuwa bayan kunama.

Mai ɗura kanta da iskar albarushi, kamar Beretta A300 ko Remington 1100, ita ta fi laushi, domin tana shimfiɗa shurin ya zama turi maimakon naushi. In da kuɗi kuma doka ta yarda, ita zan zaɓa wa matar nan. Amma kada ka rikita ta da mai ɗura kanta da ƙarfin shurinta, irin Benelli M2. Wannan ta fi duka, kuma harsashi mai sassauci yakan kasa motsa ta. Ko mai iskar ma, sai an gwada ta da ainihin harsashin da za a ajiye, kwali da yawa, a ga ba ta sarƙe ba.

Na ce in doka ta yarda. A Amurka, dokar tarayya ta 1934 ta sa iyaka: bututu kada ya gaza inci 18, bindigar gaba ɗaya kada ta gaza inci 26. Shi ya sa ake sayar da 18½, kuma zartonka kada ya kusanci bututu ko wa ya roƙe ka. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta ware mai ɗura kanta da duk mai na'urar ɗuri daga jerin waɗanda ake ba mutum lasisinsu na yau da kullum, don haka mai baki ɗaya da mai baki biyu ne suka rage. A cikinsu ka zaɓi mai baki biyu, don ta fi nauyi. Mai baki ɗaya saboda rashin nauyinta shurinta kamar na jaki ne.

Nauyin da za ka ƙara, ka sa shi a baya. Darma giram 200 zuwa 300 a ramin da ke cikin ƙota, a toshe ta sosai kada ta riƙa karkarwa, tana rage shuri ba tare da gajiyar da hannu ba. Dogon bututun ajiyar harsashi a gaba kuwa yana jan bakin ƙasa. Abu ɗaya ne ya cancanci zama a gaba: tocila, don kada a taɓa harbin abin da ido bai tantance ba. Bindiga mai mariƙin fistol zalla, mara ƙota, kada ka ma nuna mata.

Kafin ta tafi da ita, ku je filin gwaji da abin toshe kunne da tabarau. Ta fara da harsashin tsuntsaye mara ƙarfi, kaɗan-kaɗan, jikinta ya rinjaya gaba, gindin ya matse a lungun kafaɗa, hannun dama na ja baya, na hagu na tura gaba. In ka fara mata da mai ƙarfi, za ta koyi runtse ido kafin harbi, cire wannan ɗabi'a kuwa yana cin watanni. Daga nan ku kafa kwali a mita 5, 10 da 15 ta harba na tsaron. A tazarar ɗaki ƙwayoyin a dunƙule suke tafiya, ba su wuce faɗin tafin hannu da yawa ba, don haka dole ta saita. Ka gaya mata ƙwayar 00 tana ratsa ƙofa da siririn bango, a jikin siminti kuma tana iya dawowa, ta san ɗakin da yara ke kwana, bindigar kuma ta zauna a kulle inda hannunsu ba ya kaiwa.

In gidan akwai wata bindigar mai geji daban, ka ja kunnenta a kan haɗa harsasai. Na geji 20, wanda yawanci ruwan ɗorawa ne, in ya shiga bututun geji 12 sai ya zurma gaba ya maƙale, ya bar wurin da na 12 zai zauna a bayansa. Harbi ɗaya, bututun ya fashe kusa da hannun hagu. Haka ma harsashin inci 3 a bindigar da aka rubuta wa 2¾: zai shiga, amma bakin kwanson ba shi da wurin buɗewa, matsi ya hau. Nuna mata rubutun da ke jikin bututu, ta karanta shi a gabanka, ta kwatanta da na kwalin harsashin.