Wayar batirina tana zafi, wacce zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na haɗa sola a shagona, batir mai bolt 12 da inbata mai wat 1000. Mai wayarin ya haɗa su da ragowar wayar soket mai kaurin murabba'in milimita 2.5. In na kunna firiza biyu da fankoki sai wayar ta yi zafi har robarta ta yi laushi. A kasuwa an nuna mini masu kauri iri biyu, ɗaya rabin kuɗin ɗaya. Wacce zan ɗauka? Daga mai shago a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kashe inbatar nan tukuna, roba mai laushi gobara take sallama.

Wutar nan ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira ilektaron, kuma suna cikin ƙarfen wayar tun tana naɗe a shago. Batir tura su kawai yake yi. Kamar tiyo ne cike da ruwa: da ka murɗa famfo ruwa ya fito ta ɗaya bakin, alhali wanda ya shiga yanzu bai je ko'ina ba. A wayar gida ko milimita ɗaya ba sa ci a daƙiƙa. Bolt shi ne ƙarfin turin, amfiya kuma yawan masu wucewa. Suna tafe suna karo da ƙwayoyin ƙarfen, zafin da ka taɓa daga nan yake.

Raba wat da bolt ka ga inda gizo ke saƙa. Wat 1000 a wutar NEPA mai bolt 230 amfiya 4 ne da ɗoriya. A batirinka kuwa ya haura 80, ita kuma wayar 2.5 iyakarta 20 da 'yan kai. Ga shi in amfiya ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Ban san abin da mai wayarinka ya yi tunani ba, wataƙila sauri yake ya tashi.

Sayi mai kaurin 25, jan ƙarfe zalla, gajeriya, ka sa fiyus dab da kan batir. Mai arhar nan ina zarginta. Kankare silinta da wuƙa a gaban mai ita, in fari ya leƙo, alminiyam ne aka yi wa rufi. Kusan kashi 60 cikin 100 na aikin jan ƙarfe yake yi, ga saurin sakin jiki a wurin ɗauri. Bar masa kayansa.

Tambaya: In na bar soket a kunne ba komai a jiki, mita na cin kuɗina? Daga wata uwargida a Maraɗi.

Amsa: A'a Hajiya. Sai hanya ta zagayo ta haɗe ƙwayoyin ilektaron suke motsi, soket ɗin da ba komai hanyarsa a yanke take. Amma cajar da yara suka bari a maƙale tana ɗan lasa, ko babu waya a bakinta.