Shin zaƙi yana kama mutum kamar ƙwaya?

Malam, ka tambaya ko biskit da alewa suna kama mutum kamar hodar iblis. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin zaƙi yana sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin dofamin mai alaƙa da jin daɗi, wanda miyagun ƙwayoyi ma suke tsokanowa, kuma a 2007 masu bincike a Jami'ar Bordeaux ta Faransa sun ga yawancin ɓeraye sun zaɓi ruwa mai zaƙi suka bar hodar iblis. Sai dai a ganina an zuzuta kwatancen. Wanda ya daina tramol yakan yi fama da zufa, makyarkyata da rashin barci, alhali wanda ya bar lemon kwalba galibi kwaɗayi ne ke damunsa, musamman idan ya hangi firijin mai kanti da tsakar rana.