Tirilobayit daga Maroko: na gaske ko jabu?

Malam, ka ce ka sayi baƙin tirilobayit (wata halittar teku ta zamanin da, wadda ta zama dutse) mai manyan idanu daga Maroko, kana son sanin irinsa da ingancinsa. Bisa kwatancenka, dangin Phacops ne, mai kusan shekara miliyan 390, irin da ake haƙowa wajen garin Alnif na Maroko.

Sa gilashin ƙara girma ka duba idon. Na gaske ƙwayoyinsa a jere suke reras. Na jabu sukan dushe, ga ƙananan ramukan kumfar iska a jiki, don roba ce aka zuba. Ɗora allura mai zafi a gefe, roba za ta yi wari. Tsagar da aka liƙe kada ta dame ka, don sai an fasa dutsen ake ganin tirilobayit ɗin da ke ciki. Wanda ya fito sumul babu tabo, shi nake zargi.