Ku Tambaya Mu Amsa: Na biya kuɗin sitidiyo amma furodusa ya ce kiɗan nashi ne

Salamu alaikum Yaya, dan Allah a taimaka min da shawara. Ni 'yar Aboabo ce nan Kumasi, ina ɗan taɓa waƙa a wajen awure da suna. Bana na tara kuɗi daga waakye da nake taya mamana sayarwa na shiga sitidiyo na yi waƙata ta farko, Hausa ce da ɗan Twi a amshi. Na biya furodusa ta momo ya turo min waƙar ta WhatsApp, yanzu da na ce zan fitar da ita kafin babbar Sallah wai sai yake ce min kuɗin ɗaukar murya kawai na biya, kiɗan nashi ne. Ƙawayena sun ce in watsa abuna a TikTok kawai in rabu da shi. Ya zan yi?
Ƙanwarku daga Aboabo

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ɗan ja birki tukuna, kar ki biye wa ƙawayen nan, ranar da rigima ta tashi ba su za a nema ba.

Abun da zan faɗa ba zai miki daɗi ba amma mai yiwuwa furodusan nan yana da gaskiya. Waƙa ɗaya da kike ji a waya dukiya biyu ce a ciki, akwai ita kanta waƙar wato baitoci da kari da kiɗa, akwai kuma naɗin da aka yi a sitidiyo. Baitoci naki ne ba musu, kiɗa kuwa na wanda ya zauna gaban kwamfuta ya haɗa shi ne har sai ya sallama miki, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005 a rubuce take son a yi sallamawar nan da sa hannu. Saƙon momo da ke wayarki kuɗi kawai ya nuna sun fita, bai ce ga abin da aka saya da su ba.

Masu kiɗa iri biyu suke ciniki, ko haya ko sayarwa gaba ɗaya. Haya ta fi sauƙin kuɗi amma kiɗan nan zai iya ba wani yaro a Asawase gobe ya ɗora asakaa, salon rap ɗin samarin Kumasi, a kai, in kuwa yaron ya riga ki yin rajistar tashi waƙar to na'urar YouTube da ke gane kiɗa tana iya cafke taki, kuɗin talla su tafi wajenshi ke kina nan kina tara masu kallo. Na taɓa ganin haka da idona, wani yaro ya kashe kuɗin bidiyo har da hayar mota da babbar riga, waƙa ta fara shiga gari sai ga saƙo wai kiɗan na wani ne, ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Saboda haka ki koma sitidiyon, kar ki je da faɗa, ki tafi da yayanki ko wani babba da yake jin nauyinshi. A zauna a ɗauko takarda ɗaya a rubuta sunan waƙar, wa ya rubuta, wa ya yi kiɗa, haya ce ko saye, kashi nawa kowa zai samu in kuɗi sun shigo, kowa ya sa hannu ki ɗau hotonta a waya. In ya nemi kaso a waƙar ba zalunci ba ne, haka ake yi ko'ina. Kafin ki tashi ki karɓi fayil ɗin WAV, wato wanda ba a rage mishi ingancin sauti ba, wanda ya turo miki galibi MP3 ne kuma masu rarraba waƙa a intanet WAV suka fi so, ki karɓi kiɗan zalla ma ba murya don shi za ki riƙa hawa a wajen awure. Sannan ki saurare ta a ƙaramar waya da kuma sifikar pragya, keken haya mai ƙafa uku, in muryarki ta nutse cikin ganga a can to miksin, wato daidaita murya da kiɗa, bai yi ba, a sake.

Sauran mai sauƙi ne. Audiomack da kanki za ki ɗora kyauta. Spotify da ya shigo Gana a 2021 da Apple Music sai ta hannun masu rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore, su ne za su ba waƙar lambar shaidarta da ake kira ISRC, ki adana ta kamar katin Gana. Spotify na son a gabatar musu da waƙa aƙalla kwana 7 kafin ta fita in ana so masu zaɓen waƙoƙinsu su duba, ni dai ina cewa ki ba kanki wata guda. Tun 2015 ranar Juma'a duniya ke sakin sababbin waƙoƙi, ki zaɓi Juma'ar da ta rage sati biyu Sallah don masu DJ su saba da ita kafin gari ya cika, TikTok ɗin ma lokacin ne amfaninshi, ki yanko amshin nan na Twi ki sa. Ki yi rajista da GHAMRO, ƙungiyar da ke karɓa wa mawaƙan Gana haƙƙinsu, saboda kuɗin rediyo, ki kai waƙar gidan rediyon Zuria FM da ƙafarki. Amma kar ki bar waakye tukuna, tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba Spotify ba ya biyan ko pesuwa a kanta.

Yaya ina da waƙa takwas, in haɗa albam ne ko in riƙa saki ɗaya-ɗaya?
Ƙaninku daga Tafo Zongo

Ɗaya-ɗaya ƙanina. Wa ya san ka da zai ba ka datarshi ta waƙa takwas? Black Sherif ɗan zangon Konongo ma da waƙoƙi ɗaiɗai ya cika gari a 2021, albam ɗinshi na farko sai Oktoban 2022 ya fito. Ka kunna wa 'yan majalisarku duka takwas ɗin da daddare wajen mai shayi, wadda ka ji wani yana rera amshinta washegari ba tare da ya sani ba ita za ka fara saki.