Kafin a fara gashin ciwon daji: me za a saya, me za a bari?

Tambaya: Maigidana na da ciwon daji a maƙogwaro, za a fara masa gashi (ƙona dajin da hasken na'ura, wato radiotherapy) haɗe da kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji). Likita ya ce a sa masa bututun abinci ta ciki tun yanzu, shi kuwa ya ƙi fir. 'Yan'uwa kuma suna ta cewa in sayo ruwan kurkure baki da ƙwayoyin bitamin. Ya zan yi?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. A ganina ki lallashe shi kan bututun. Yau yana cin abinci lafiya, shi ya sa yake ganin ba ya buƙata. Amma gashin nan kwana 5 ake yi a mako, har mako 6 zuwa 7. Daga mako na 2 ko na 3 baki da maƙogwaro ke fara salewa, yawu ya yi kauri yana yauƙi, abinci ya koma salam ko ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe. Masu jinya da yawa sun fi jin jiki a ƙarshen gashin da mako biyun da ke biye, lokacin da dangi ke zaton an gama. Idan ya rame sosai, hatta abin rufe fuskar da aka auna masa don saita gashin zai yi masa yawa, dole a sake awo. Ko da bututun, ya ci gaba da haɗiyar abin da ya samu, kada maƙogwaron ya sandare.

Ruwan kurkure baki mai sinadarin barasa zai ƙara masa zogi ne kawai. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri da garin soda na girki (baking soda) ya wadatar. Ki sayo buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, da kuɗin bitamin ɗin kuma ki kai maigidan wurin likitan haƙori kafin a fara, domin cire haƙori bayan gashi kan bar rauni a ƙashin muƙamuƙi da ke ƙin warkewa. Kada ya sha wani bitamin sai likitansa ya sani.

Tambaya: Ana yi mini kemo da maganin cisplatin, kunnena ya fara ƙara. In sayi maganin ɗigawa?

Amsa: A'a, malam. Maganin ɗigawa ba ya kaiwa inda matsalar take. Cisplatin kan taɓa can cikin kunne, da kuma ƙoda. Ka sanar da likita kafin zagaye na gaba, don yana iya rage maganin ko canza shi. Maimakon maganin ɗigawa, ma'aunin zafin jiki za ka saya don lura da zazzaɓi: in ya nuna digiri 38, ka nufi asibiti ko da tsakar dare ne.