Abin da ya sa ba ku ganinmu wajen jana'iza

Kawu, barka da war haka. Ka tambaye ni me ya sa mu mazauna Amurka ba a ganinmu ranar sutura, alhali jirgi muke hawa, ba raƙumi ba. Tambayar ta tsaya mini a rai, don haka bari in warware maka zare da abawa.

Daga filin jirgin JFK na New York zuwa na Malam Aminu Kano, in da za a miƙe sak, kilomita 8,500 ne ko kusa da haka. To amma babu jirgin da ke miƙewa. Yawancinmu ta Alƙahira muke bi: kilomita kusan 9,000, awa goma zuwa sha ɗaya a sama, sannan a sauka a jira na Kano, wanda shi ma ba kullum yake tashi ba, a ƙara kilomita 3,000 da 'yan kai. Wasu ta Doha ko Adis Ababa suke zagayowa, wannan ma ya fi nisa. Da jira da komai, yini da kwana ya tafi, in ma an dace da kujera a ranar.

Ga kuma agogo. Kun riga mu da awa 5 lokacin zafi, 6 lokacin sanyi. Ranar da Inna ta cika, bayan asubarku ne, nan kuwa ƙarfe ɗaya na dare. Ina zaune bakin gado da waya a kunne, kafin gari ya waye mana har an kai ta makwancinta. Ban ce a jira ni ba, kuma ba zan taɓa cewa ba. Haƙƙinta ne a gaggauta.

Saboda haka muka tsara namu. Ran Asabar ko Lahadi, da yake sauran ranaku kowa na wurin aiki, mukan taru a masallacinmu na unguwar Bronx: 'yan Najeriya, 'yan Nijar, da 'yan zangon Kumasi da Akara waɗanda suka fi mu yawa a nan. A sauke Alƙur'ani, mata su kawo waina da shinkafa da wake, a zagaya da ambulan a haɗa wa mai rashi kuɗin tikiti. Da wannan kuɗin na zo muku kafin sadakar arba'in.

In kuwa namu ne ya rasu a nan, ba ma ɗaukar gawa zuwa gida, sai nadiran. Takardun hukuma kaɗai sukan ci kwanaki, ga tsada, ga magani da ake yi wa gawa kafin a sa ta a jirgi, wanda ranmu ba ya so. Muna da asusu, kowa na zubawa duk wata. Da shi ake sayen kabari a maƙabartar Musulmi, galibi a New Jersey, mu yi masa wanka da hannunmu, mu sallace shi.

A gaida su Gwaggo da yara. Allah ya jiƙan Inna.